Abin da gwajin na'urar hoton fuska ta 3D ya koya mini

Kafin likita ya dogara da hoton 3D (mai nuna tsawo, faɗi da zurfi) wajen tsara ɗinkin tsagaggen leɓe ko gyaran muƙamuƙi, sai an tabbatar awon da na'urar ke bayarwa ya dace da ainihin fuskar. Hanyar gwajin kuwa sananniya ce: a auna fuska da hannu, a auna ta a hoto, a kwatanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, awon hannun da ake ɗauka a matsayin alƙali shi ma ba ya rasa aibi. Tsarin da Leslie Farkas, likitan da ya yi fice a awon fuska, ya shimfiɗa ya dogara ne da ƙarfen awo mai baki biyu, ana auna tazara tsakanin wasu sanannun wurare a fuska. To, da zarar ka ɗora bakin ƙarfen a gefen hanci, naman wurin ya lotsa. In jariri ne, ga kuka ga mutsu-mutsu. Saboda haka idan lambobi biyu suka saɓa, ba lallai ne kyamara ce ta yi kure ba.

Kyamarar ma ba ita ke yawan jawo matsala ba. Na'urar 3dMD takan gama ɗauka cikin kusan milisakan 1.5, kafin mutum ya ƙifta ido. Vectra H1 ta hannu kuwa hoto uku take ɗauka, kwamfuta ta haɗe su, don haka ko leɓe mutum ya motsa a tsakani, sai ya bayyana a sakamakon. Amma kuskure mafi yawa daga mai sanya alama a wuraren da za a auna yake fitowa. Tsinin hanci da kusurwar ido suna da sauƙi, kowa zai ɗiga alamarsa kusan wuri ɗaya. Kusurwar muƙamuƙi fa? Sai an lalubo ƙashin da yatsa, ga shi ba a lalube a fuskar kwamfuta. Shi ya sa na fi yarda da a ɗiga alamun da alƙalami a kan fata tun kafin a ɗauki hoton.

Wajen lissafi, na daina ruɗuwa da ganin awo biyu suna hawa da sauka tare. Masana ƙididdiga Bland da Altman sun bayyana dalili a mujallar likitanci ta Lancet a 1986: na'urar da kullum ke ƙara milimita 3 za ta bi awon hannu sau da ƙafa, alhali duk awonta ba daidai ba ne. Girman bambancin ake dubawa. Galibi ana amincewa da kuskuren da bai kai milimita 2 ba, sai dai a ganina wannan ya yi yawa a leɓen jariri.

Gashi, bayan kunne da ƙarƙashin hanci har yanzu sukan fito da ramuka a hoton. Duk rahoton da aka gwada na'ura a kan mutum-mutumin roba kaɗai, nakan nemi ganin sakamakonta a fuskar mai rai tukuna.