Me Aka Yanke?

A shekarata ta farko a ɗakin labarai na gidan rediyo, watan Satumba ya zo mini da aikin da nake ganin babu kamarsa: fassara jawaban shugabanni a Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi a New York. Bisa al'ada Brazil ce ke buɗe fage, sai Amurka mai masaukin baƙi, sauran su biyo baya har kusan mako guda. Na duƙufa ina zaɓen kalmomi, ina so mai sauraro ya ji zafin muryar kowane shugaba kamar yana zaune a zauren.

Wani dare editanmu, dattijon da ya tsufa a aikin, ya karanta labarina har ƙarshe ya ajiye. Ya ce, "Ɗana, Hausarka ta fita. To me aka yanke?" Na ce, "Malam, ai duk sun yi Allah wadai." Ya ce, "Wannan na ji. Je ka nemo mini takardar da suka amince da ita."

Tun daga ranar na fara karanta ƙudurori, kuma na gane kuskuren da nake tafkawa. Ko takarda ta ce "ta yi kira", ko "ta buƙaci", ko "ta yanke", ni duk "ta umarci" nake rubutawa, don ya fi daɗi a kunne. Alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Babban Taro yana da ƙasashe 193, kowace da ƙuri'a ɗaya, amma yawancin abin da ya zartar shawara ce, wanda ya ga dama ya bi. Hukuncin da ke hawa kan kowa yana wajen Kwamitin Sulhu mai kujeru 15, inda Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da China ke da ikon hawa kujerar naƙi. Ashe kenan na sha sa wa mutane rai da umarnin da babu wanda ya bayar.

Malam ne ya nuna mini ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 242 na watan Nuwamba 1967, bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Rubutun Ingilishi ya ce Isra'ila ta janye daga "yankuna" da ta mamaye, na Faransanci kuma ana karanta shi da ma'anar "yankunan" da ta mamaye. A Hausa bambancin harafin "n" ne kaɗai. Na farko ya bar ƙofar a janye daga wasu a riƙe wasu, na biyu ya haɗa duka. Fiye da shekara 50 ana jayayya a kan wannan, Falasɗinawa kuma suna zaune a cikin sakamakonta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Libiya, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973, ranar 17 ga Maris 2011. Ina bakin aiki lokacin da ya shigo. Ya ba da izinin ɗaukar "duk matakan da suka wajaba" don kare fararen hula. Ƙasashe 10 suka amince, ciki har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, biyar suka ƙaurace. Na fassara jimlar yadda take, ta fito da laushi kamar maganar agaji, ban ƙara wa mai sauraro bayanin cewa a bakin jami'an diflomasiyya wannan jimla izinin amfani da ƙarfin soja ba ce. Bayan kwana biyu jiragen yaƙi suka fara ruwan bama-bamai. A watan Oktoba aka kashe Gaddafi, rumbunan makamansa suka watse cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. Masu sauraronmu na Agadez da Diffa da Maiduguri suna da haƙƙin su san tun daren farko abin da waɗannan kalmomi suka ƙunsa, kuma har yau ina jin nauyin rashin faɗa musu.

Ban raina jawabai ba. Ƙaramar ƙasa ba ta da wani dandalin da za ta tsaya gaban duniya ta faɗi ciwonta irin wannan, kuma na ji alfahari a 2019 da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Najeriya, ya zama shugaban zauren. Sai dai yanzu jawabi nakan ba shi layi biyu, takarda in kwana a kanta.

A Satumba 2024 Amurka ta ce tana goyon bayan a ba Afirka kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu. Wata ƙanwarmu sabuwar shiga aiki ta kawo mini labarin tana murna. Muka zauna tare muka duba. Abin da Tarayyar Afirka ta nema tun 2005 a matsayar Ezulwini shi ne kujeru biyu masu cikakken iko, tayin Amurka kuwa babu ikon naƙi a ciki. Sannan gyaran kundin Majalisar sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun tabbatar da shi, har da manyan nan biyar gaba ɗayansu, kuma rabon da a faɗaɗa kwamitin tun 1965. Ta karɓi takardarta ta sake rubuta jimlar farko, ta sa "ba tare da ikon hawa kujerar naƙi ba" a cikinta, aka karanta shi haka a labaran ƙarfe bakwai.