Abin da Fentin Akirilik Ya Koya Mini Game da Bindigar Feshi

Masu haɗa ƙananan samfuran jiragen sama da tankokin yaƙi na roba, irin masu ma'aunin 1:72 ko 1:35, sukan ɗora wa bindigar feshi laifi da zarar fenti ya fara fita guntu-guntu, alhali galibi matsalar tana cikin kofin fentin ne. Abin da aikin ya koya mini shi ne akirilik yana saurin bushewa ƙwarai, kuma kusan duk wahalar da ake sha da shi daga nan take tasowa.

Faɗin bakin bindigar yawanci milimita 0.2 ne zuwa 0.5, don haka dole a tsinka fentin har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, sannan a fesa da iska mai ƙarfin psi 15 zuwa 20. Sai dai akirilik iri-iri ne. Na Vallejo da ake yi a Sifen ruwa ne tushensa, na Tamiya na Japan kuwa akwai alkohol a cikinsa, shi ya sa yake da tinarsa, wato ruwan tsinka fenti, mai suna X-20A. Wanda ya zuba alkohol a fentin Vallejo yana iya ganin ya dunƙule ya toshe hanya, saboda haka a ganina bin tinar kamfanin da ya yi fentin ya fi tsimin 'yan kuɗi.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu fenti yakan bushe a tsinin allurar da ke cikin bindigar, wani lokaci ma a iska tun bai kai jikin samfurin ba, sai fuskar aikin ta yi kaushi. Maganinsa ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin jinkirta bushewa, da matsowa kusa da aikin, da yawan goge tsinin da jiƙaƙƙen burushi. Da damina kuwa ruwa ne ke taruwa a tiyon kwamfaresa, sai an sa matarar laima, wato abin da ke tace ruwa daga iskar.

Hannu kuma sai ya saba danna maɓalli iska ta fara fita kafin a ja shi baya fenti ya biyo, haka nan iskar ce za ta tsaya a ƙarshe, domin kada fenti ya kwanta a baki.

Wanki ba ya jiran gobe, domin akirilik idan ya ƙame ruwa ba ya narkar da shi. Ana ɗauraye kofin tsakanin launi da launi, a ƙarshen aiki kuma a zare allurar a goge ta daga baya zuwa tsini, a hankali, tunda ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya karkatar da feshi. Sinadarin wanki mai amoniya kuwa ba a barinsa ya daɗe a ciki, saboda yana cin jikin bindigar.