Daga tanti sai kango

Akwai wata baiwar Allah 'yar Bama da ke soya kosai a bakin layinmu nan Maiduguri, muna ce mata Iya. Shekaranjiya na tsaya sayen kosai sai na ga ranta a bace, na ce Iya lafiya kuwa? Ta ce dana ina fa lafiya, mai kangon da muke ciki ya ce zai ci gaba da gini, mu nemi wuri kafin karshen wata. Kango ne fa, ba kofa ba taga, buhu suka rataya, ita da jikoki hudu, kuma a hakan ma duk wata sai ta biya. Wannan ne tashi na uku da za ta yi tunda ta bar sansani.

Tunda gwamna Zulum ya ce a rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari a karshen 2021, aka rufe irin su Bakassi da Teachers Village, aka ba mutane kudin sallama da kayan abinci, wasu suka koma garuruwansu. Ni ban ga laifin a ce mutum kar ya tsufa a layin karbar abinci ba, gaskiya zaman sansani yana kashe zuciya. Amma da yawa ba su koma ba, wani gonarsa har yanzu ba ta shiguwa, wani 'ya'yansa nan aka haife su nan suke makaranta, to wadannan fa su ne suka watsu cikin gari suna kama kangwaye da dakunan langa-langa a unguwannin da haya ke da sauki, kuma kowa ya san inda haya ke da sauki a garin nan, kwari ne, bakin kogin Ngadda. Da madatsar Alau ta balle a Satumban 2024 ruwa ya ci Gwange ya shiga har fadar Shehu da Monday Market, su aka fara kwashewa, wasu Bakassin da aka rufe nan aka sake kai su.

Mu dai ba gidajen gwamnati muka rasa ba, ga rukunin gidaje na 202 ga 303 ga 505 ga 777 har 1000, amma duk da ma'aikaci mai albashi aka yi lissafinsu. Mai soya kosai ko dan dako ba ya cikin takardar.

Abin da aka yi a Ngarannam ta karamar hukumar Mafa ya burge ni sosai. Hukumar raya kasashe ta Majalisar Dinkin Duniya, wato UNDP, da gwamnatin jihar Borno suka sake gina kauyen, aka bude a 2022, kuma Tosin Oshinowo da ta zana gidajen sai da ta zauna da mutanen ta ji yadda suke rayuwa, shi ya sa aka yi gidajen da zaure, maigida ya karbi bakinsa mata na ciki ba a keta musu haddi ba, ga makaranta ga kasuwa. Wallahi wannan zauren kadai ya nuna an dauki mutum a matsayin mutum.

To me zai hana a yi irinsa a cikin gari don wadanda ba za su iya komawa yanzu ba? Ba wani katon abu nake nufi ba. A samu fili a kan tudu inda Keke Napep ke zuwa, kar a jefa su bayan gari inda ba mai sayen kosai, a yi ciki daya ko ciki biyu da bandaki da famfo, haya kadan kuma wata-wata, don biyan shekara gaba daya shi ne ke karya talaka. A ba mutum takarda a hannu cewa shekara biyu ko uku ba mai tashinsa, bulama da masu unguwa su tantance don sun fi kowa sanin bazawara da marayu.

Iya dai na yi wa wani makwabcinmu magana, yana da shago da ba ya amfani da shi, ya ce in dawo ranar Juma'a bayan masallaci mu yi magana.