Ankara, Kumashi ko Tamale: kwana 12 ina auna garuruwan Gana

Shekaranjiya na dawo daga Gana, har yanzu kumburin ƙafafuna bai gama sacewa ba. Ni tela ne, manyan kaya nake ɗinkawa a Kano, kuma shekara uku ke nan ƙanin mahaifiyata da ke zaune a unguwar Nima ta birnin Akra yana damuna da maganar in tattara in koma can, wai ana neman hannu irin nawa. Uwargida ta ce ba za ta ɗaure ko tsinke ba sai na je na gani da idona. Gaskiyarta.

Hanyar Legas zuwa Kwatano, Lome, har Aflawo ba abin ba da labari ba ce, in ban da wani jami'i a ɗaya daga cikin iyakokin nan uku. Fasfo ɗina lafiya, katin rigakafin shawara yana hannu, amma mutumin nan ya juya shi gaba ya juya baya, ya jefa a aljihun tebur ya ci gaba da danna waya kamar ba mutum ne tsaye a gabansa ba. Na yi sallama sau biyu, ko ɗaga kai bai yi ba. Sai da yaron mota ya zo ya raɗa mini cewa in sa wani abu a tsakiyar katin. Na sa. Yarjejeniyar ECOWAS ta ce kwana 90 babu biza, amma ba ta ce babu na goro ba.

Akra, wadda mutanenmu na can ke kira Ankara, ta burge ni a daren farko, ta gajiyar da ni a rana ta uku. Nima kamar ka ɗauko Fagge ka ajiye kusa da teku: kiran salla ta ko'ina, koko da ƙosai da sassafe, ga wake da shinkafar da duk ƙasar ke kira waakye, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka. Hausarsu ce ta riƙa ba ni dariya a ɓoye. Kawu ya ce mini "ya tafi kasuwa", ina ta neman wane namiji ne, ashe matarsa yake nufi. Ranar Juma'a ya kai ni babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Ban taɓa ganin gini irinsa ba, na saki baki ina kallon ƙubbobi har Kawu ya taɓa ni.

Amma ba masallaci na je haya ba. Kwana biyu muka yi da wani dillali muna zagaye, daga Mamobi har Sabon Zango, kuma duk inda muka shiga maganar ɗaya ce: kuɗin shekara biyu a dunƙule, in an tausaya maka shekara ɗaya. Dokar haya ta ƙasar ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, dillalin da kansa ya gaya mini haka yana dariya. Ciki da falon da aka nuna mini, banɗaki na haɗaka da gida biyar, tagarsa tana kallon kwata, abin da aka nema a kai zai kama mini gida sukutum a Rijiyar Zaki. Ga gumi da ba ya bushewa. Zafin Kano yana ƙona ka ne ya ƙyale ka, na Ankara liƙe maka yake yi kamar ɗanko. Ga cunkoso, ka shiga motar da suke kira trotro bayan la'asar, sai ka yi magariba a hanya.

Da daddare na ce, "Kawu, a gafarce ni, anya garin nan zai ɗauke ni da yara huɗu?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni na shigo tun ɗaki yana araha. Ka je Kumashi ka duba, kada kunyata ta sa ka cuci kanka." Na ji daɗin wannan magana fiye da duk abincin da aka ba ni a gidan.

Kumashi tana da nisan kusan kilomita 250, hanya duk kurmi. A unguwar Aboabo na sauka, gidan wani dattijo Alhaji mai fataucin goro da Kawu ya haɗa ni da shi ta waya. Bai taɓa ganina ba, amma ya tashi jikansa daga ɗaki ya ba ni, ya hana ni sayen ko ruwan leda. Kakansa, in ji shi, da jakuna ya zo daga Kano ta Salaga neman goro, bai koma ba. Shi ne ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da babu wanda ya faɗa a Ankara: dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe saye da sayarwa a cikin kasuwa ga ’yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan ’yan Najeriya a unguwar Suame ta Kumashi a 2019. "Malam," ya ce, "ka fara da takardar zama, ka buɗe shagonka a cikin unguwa, ka ɗauki yaranmu aiki. Mu nan ba mu manta 1969 ba, lokacin da Busia ya kori baƙi, ku ma kun rama a 1983." Ya faɗa yana murmushi, amma ni ban yi dariya ba.

Kasuwar Kejetia ta sa na raina Kantin Kwari, Allah Ya gani. Na ɓata sau biyu. A can na taya wani keken ɗinki na hannu, matar ta faɗi kuɗi, na raba biyu yadda muke yi a gida, ta kalle ni ta juya baya abinta. Su ba sa son dogon ciniki, ka rage kaɗan ko ka wuce. Jikan Alhaji ne ya lallashe ta da Asantanci, ta sauko, har ta ƙara mini allurai. Abin da ya fi kama raina shi ne rigunan da na gani a masallacin unguwa: shadda mai tsada, aiki kuwa sai a hankali, wuyan a karkace. Mutum uku suka tambaye ni wa ya ɗinka wadda ke jikina. Haya nan ma ta gaba ake biya, amma da sauƙi a kan Ankara, iska da sanyi-sanyi, kuma Islamiyya tana bayan gidan da na duba. Aibinta, in ba ka jin Asantanci, da ka fita daga zango ka zama kurma.

Tamale, can arewacin ƙasar, kwana biyu kawai na yi. Ƙasa busasshiya kamar gida, tuwon zafi, mata tsofaffi a kan babur da hijabinsu ba wanda ya damu. Rayuwa da arha, amma su rigarsu ta saƙi ce, kuma mai masaukina ya kwana uku famfonsa bai kawo ruwa ba.

Dawowa barci na yi ta yi. Jiya na zayyana wa uwargida komai, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko gidan na Aboabo yana da rijiya. Ban duba ba. Na kira Alhaji ɗazu, ya ce zai aika yaro.