Harshen da ya saba da goro

Turare ne ya fara jawo mini kunya. Ranar farko na yi wanka da sassafe, na fesa turarena mai tsada kamar mai zuwa ɗaurin aure, na nufi ɗakin ɗanɗano. Ban kai ga zama ba matar da ke shugabantar aikin ta ɗaga hanci ta dube ni. Cikin irin ladabin nan na Turawan Ingila, wanda ya fi zagi ciwo, ta ce in ba zan damu ba in koma in sake riga in dawo da rana. Mutum tara ne a ɗakin, kowa da hancinsa ya zo aiki, ni kuwa na cika musu wuri da almiski. Na fita ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina karatun digiri na biyu kan kimiyyar abinci a tsakiyar Ingila. Wani ƙaramin kamfanin masu dafa giya da ke kusa da garin Burton ya nemi sashenmu ya haɗa masa masu ɗanɗano, domin yana son fitar da irin giyar da suke kira pale ale, amma wadda aka cire wa barasa. Sun nemi a sa har da waɗanda ba su taɓa shan giya ba, tunda su ne kasuwar da ake hari. Kafin in ba da sunana sai da na nemi ganin takardar awo. A Ingila ƙa'idar ita ce abin da aka rubuta wa "babu barasa" kada ya wuce kashi 0.05 cikin 100, alhali a ƙasashe da dama har mai kashi 0.5 ana sayarwa da wannan suna. Na ce musu na farkon kaɗai zan taɓa, suka amince. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, don alƙalan giya ba sa kurkurawa su tofar kamar masu ɗanɗana ruwan inabi. Haɗiyewa suke yi, saboda rabin hukuncin yana cikin abin da ya rage a maƙogwaro. Na san akwai masu ganin ko wannan ma a nisance shi tunda ya yi kama da abin da aka hana, kuma ban zo ja da su ba. Ni dai na ɗauke shi a layin maltar da muke sha a gidan biki, wadda ita ma kamfanonin giya ne ke yin ta.

Makon farko ba mu sha komai ba. Sai aka zube mana busassun furanni kore-kore a faranti, waɗanda Turawa ke kira hops, ni kuwa hof nake ce musu. Tsiro ne mai yaɗo, yana hawa igiya har ya kai wajen mita 6, kuma furen macen kaɗai ake amfani da shi. Ɗan uwan wiwi ne a dangin tsirrai, abin da ya sa wani ɗan ajinmu ya yi ta murmushi har aka tashi, amma ba ya bugarwa. Mai dafa giyar, wani dattijo mai jan gemu, ya nuna mana yadda ake yi: ka ɗebi kaɗan, ka murza tsakanin tafukanka da ƙarfi har su yi ɗumi, sannan ka kife hannu a hanci. Wani gari mai ruwan ɗorawa zai manne maka a hannu yana danƙo. A cikin wannan gari ɗaci da ƙamshi duka suke.

Iri uku aka ba mu. Fuggle, tsohon irin Ingila ne daga yankin Kent, ƙamshinsa a kwance yake, kamar ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwan farko. Cascade ɗan Amurka ne, an fitar da shi a jihar Oregon a 1972, kuma jikan Fuggle ɗin ne ta wajen uwa, ko kuma a ce jininsa ne, amma halinsu ya sha bamban: shi ɓawon garehul yake yi da furanni. Da shi wani mutum mai suna Ken Grossman ya dafa Sierra Nevada Pale Ale a garin Chico na Kaliforniya a 1980, wadda har yau ake auna sauran da ita. Na ukun, Citra, da na shinshina sai na ga kaina a tashar mota lokacin mangwaro, ga lemon tsami a gefe. Matar da ke kusa da ni ta ce ita fitsarin mage take ji. Na ɗauka wasa take yi, ashe da gaske ne, akwai hancin da haka yake karanta wani sinadari da ke cikin irin waɗannan furanni. Tun daga nan na daina yi wa kowa dariya a ɗakin.

Dattijon ya yi mana bayanin abin da ya rikita ni da farko, wato yadda fure ɗaya ke ba da abu biyu masu gaba da juna. In ka zuba shi tun farkon tafasa ya yi awa guda yana dahuwa, sinadarinsa na ɗaci zai juye ya narke cikin ruwan, ƙamshin kuwa ya bi tururi ya tafi. In ka zuba shi dab da saukewa, ko bayan abin ya huce, ƙamshin zai zauna, ɗacin ya zama kaɗan. Duk macen da ta san bambancin sa daddawa tun farkon sanwa da barbaɗa citta a kan shayi bayan an sauke ta riga ta gane zancen. Suna auna ɗacin da wani ma'auni da suke kira IBU, inda ɗaya ke nufin kusan miligiram ɗaya na sinadarin a cikin lita. Ta Sierra Nevada ɗin tana da 38. Sai dai lambar ba ta gaya maka yadda harshe zai ji, domin zaƙin hatsin yana rufe wani ɓangare, kuma ruwan ma yana da tasa. Ruwan Burton yana ɗauke da farar ƙasar nan ta jifsam mai yawa, wadda ke sa ɗaci ya fito a bushe, a tsaye. Shi ya ɗaukaka sunan garin, har masu dafawa a wasu wurare suke zuba jifsam a ruwansu don su kwaikwaye shi.

Mako na biyu na koyon aibu ne. Ana ɗiga sinadari a kofi da gangan a ce ka faɗi abin da ya lalace. Akwai mai warin jiƙaƙƙen kwali, alamar iska ta shiga ko abin ya tsufa. Akwai mai ƙamshin man shanu, akwai na dafaffiyar masara. Akwai wanda hasken rana ya buga, shi ya sa ake son kwalba mai ruwan ƙasa ko gwangwani. Tsohon hof da aka ajiye ba daidai ba kuwa warin safa yake yi. Wannan sashe na wuce shi ba wahala. Haka ma gwajin kofi uku, inda ake ajiye maka kofuna a ƙarƙashin jan fitila don kada launi ya ba ka amsa, kowanne da lamba mai alƙaluma uku, biyu iri ɗaya ne, ka zaƙulo baren. Mai canki-canka ma zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai an yi ta maimaitawa kafin a yarda da harshenka. Tsakanin kofi da kofi ruwa ne da biskit marar gishiri. Na ci gwajin, kaina ya fara kumbura.

Ranar da aka fara ba da maki dattijon ya zo da takardar da alƙalan gasar masu dafawa a gida ke amfani da ita a Amurka. Maki 50 ne: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda yake zama a baki 5, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya. Kofi huɗu aka kawo. Na uku da na kurɓa sai raina ya yi fari. Zaƙi-zaƙi, kauri, ƙamshin tsiron dawa, ɗacin can a nesa yana leƙe. Na tuna firijin shagon unguwarmu da kwalbar malta mai raɓa ranar Sallah. Na ba shi 41. Na huɗu kuwa ya tsaya mini a wuya, na ba shi 24 ina ganin ma na yi masa adalci.

Da aka buɗe takardu, duk ɗakin ya sa na ukun a ƙarshe, ni kaɗai na ɗora shi a kai. Shugabar ta tambaye ni me na ji a ciki, na faɗa mata tiryan-tiryan. Ta ce duk abin da na lissafa daidai ne, hancina bai yi ƙarya ba, sai dai abin da na yaba shi ne babban aibun da kamfanin ke neman kawarwa. Hanya biyu ake bi a samu marar barasa: ko a dafa giya cikakkiya a cire barasar daga baya da ɗan zafi ko ta matata, ko kuma a hana ta tashi tun farko, a yi amfani da yis ɗin da ba ya iya cin yawancin sukarin hatsin. Ta hanya ta biyu sau da yawa ɗanɗanon ɗanyen ruwan tsiro yana saura. Maltarmu kuwa ruwan tsiron ce da ba a bari ta tashi ba, an ƙara mata zaƙi, don haka abin da yake ado a wurinta shi ne tabo a wurin wannan. Ta ce, "Ba mu tambaye ka wanne za ka kai gida ba. Mun tambaye ka wanne ne ya zama abin da ya ce shi ne." Tambayar wanne za ka saya tana nan, in ji ta, amma a wata takarda daban, a wata rana daban.

Abin ya dame ni har dare. Na kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana kwance huhun goro a kasuwa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in gaya masa aikin da nake yi.

"Kai, ɗan nan, giya ka koma sha a can?"

"A'a wallahi, Kawu, babu abin maye a ciki, na ga takardar awon da idona."

Ya yi shiru, sannan ya ce to Allah ya tsare, amma kada Hajiya ta ji daga bakin wani. Da na ba shi labarin makin, dariya ya yi har da tari. Ya ce shi farin goro yake so, amma in Alhaji ya aiko a zaɓa masa jan daushe, ba zai aika da fari ba don shi ne nasa. Ya ce goro duk ɗaci ne da shi, yaro ne kawai ke tsayawa a nan. Akwai ɗacin da in ka tauna ka kora da ruwa sai bakinka ya koma zaƙi, shi ne goron kirki. Akwai baurin da ke tattare maka harshe kamar ɗanyar kanya. Akwai kuma wanda ke barin maƙaƙi, ka yi ta gyaran murya har la'asar. "In ba ka raba ukun nan ba, kada ka zauna a bakin huhu."

Na kwana ina juya maganar. Ɗaci, bauri, maƙaƙi. A ɗakin ɗanɗanon sai da aka ɓata zama guda ana koya wa Turawa bambancin na farko da na biyu, ana ba su ruwan shayin da ya daɗe a buta don su gane, alhali mu kowanne da sunansa tun muna yara. Muna da gafi, muna da garɗi, muna da yami da ƙauri da lami. Na tashi cikin masu cin gauta da miyar shuwaka da namijin goro, amma na shiga ɗakin na ajiye duk wannan a bakin ƙofa, na riƙe malta kaɗai don ita ce ta yi kama da abin a ido.

Daga ranar na sauya yadda nake yi. A gefen takarda nake fara rubutu da Hausa, sannan in nemo abin da zan faɗa musu. Na koyi shinshinawa tun kofin bai huce ba, domin ƙamshin hof mai saurin gudu ne, sannan in rufe kofin da tafi in juya shi kaɗan in sake. Na koyi barin abin ya ɗan rage sanyi, don sanyi mai yawa yana ɓoye ado da aibu baki ɗaya. Na daina shan shayi mai citta da kanumfari da safen ranar aiki, wanda shi ne ya fi yi mini wuya a sanyin Ingila. Bayan haɗiyewa kuma nakan ƙirga ashirin ban taɓa biro ba, ina jiran in ga ko ɗacin zai sallame ni lafiya ko zai zauna.

A zama na ƙarshe aka kawo kofi biyu da suka rage. Ɗaya ƙamshinsa ya cika ɗaki, mangwaro da gwaba tun daga nesa, kusan kowa ya faɗa masa. Na haɗiye na jira. Can sai ga wani ƙaiƙayi a maƙogwaro, irin wanda ake samu in an jibga hof da yawa bayan abin ya huce, ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba. Na rubuta maƙaƙi, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na rage masa maki a wurin zaman baki. Ɗayan ƙamshinsa bai kai ba, jikinsa ma ɗan siriri ne kamar yawancin waɗanda aka cire wa barasa, amma ɗacinsa ya zo a tsaye, ya yi abin da ya kawo shi, ya tafi ya bar bakin yana neman wani kurɓin. Na ba shi 37, na ba na farkon 33.

Dattijon ya ɗauki takardata yana dubawa, ya sa yatsa a kan kalmar da na ja wa layi ya ce mene ne wannan. Na yi masa bayani da misalin goro, wanda bai taɓa gani ba. Ya kurɓi kofin farko, ya jira, ya yi gyaran murya. Sai ya ciro ɗan littafinsa daga aljihu ya ce in rubuta masa ita. Na rubuta har da lanƙwasar ƙ ɗin, ya yi ta ƙoƙarin furtawa yana cewa "makaki", na gyara masa sau uku na haƙura.