Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ofishin da Aka Daina Amsa Sallama

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni sashen rajista, ɗakin da ake ajiye fayil-fayil. Shugabanmu a can babban akawu ne, dattijo da ya fara aiki tun zamanin En'e. Dokarsa ta farko, ba ka taɓa fayil sai ka zagaya ka gaida kowa, har masinja da mai shara. In tsoho ya shigo, ka miƙe ka ba shi kujerarka, ka tambaye shi gajiya da mutanen gida, kana ka ce, "Baba, me ke tafe da kai?" Shi da kansa yakan ce wa masinja "Malam," domin masinjan ya girme shi.

A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An koyi bin layi, kuma da idona na ga magidanci yana tsallen kwaɗo a bakin ƙofa saboda ya makara. Mutane sun riƙa zuwa da wuri, gaskiya ne. Amma har gobe ina ganin wanda aka wulaƙanta da safe a gaban na ƙasa da shi, da wuya ya sakar wa wani fuska a wunin nan.

Sai tsarin SAP, wato shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul, ya zo a 1986, naira ta faɗi, albashi ya daina kaiwa tsakiyar wata. Kafin azahar wani ya tafi shago, wani kabu-kabu. Dattijon namu ya yi ritaya, kuma waɗanda suka gaje shi ba su da lokacin koya wa yara komai.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne bayan shigowar wayar salula a 2001. Wani tsohon malamin firamare ya taso daga ƙauye kan maganar fanshonsa. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya sake. Yaron da ke kan teburin, sa'an jikansa, yana ta danna waya, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Oga ba ya nan, ka dawo gobe." Gobe! Mutumin da wataƙila sai da ya ranci kuɗin mota. Na taso na amsa sallamar, na ba shi kujera da ruwa, na shiga neman fayil ɗinsa. Ashe yana kan teburin yaron, ƙarƙashin jarida.

Da tsohon ya tafi na ja yaron gefe na ce, "Ɗana, amsa sallama wajibi ne, ko a kasuwa balle nan." Ya ce ai ba a rubuta haka a takardar ɗaukarsa aiki ba. Washegari ya kai ƙarata wurin darakta cewa na tozarta shi.

Yadda muka kwashe da darakta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.