Daga Kano zuwa Abijan don kallon Kofin Afirka

Da a ce iyakar Najeriya da Nijar a buɗe take a watan Janairun 2024, ta Yamai da Wagadugu zan bi, hanyar da fatake suka saba. Amma a lokacin a rufe take, tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, dole na gangara Legas a motar dare daga Sabon Gari, sannan na kama hanyar bakin teku. Daga Legas zuwa Abijan kilomita dubu da 'yan kai ne, iyakoki huɗu: Seme, Hilakonji, Aflawo, sai Elubo da Nowe. A taswira tafiyar yini ce da dare, a ƙasa kuwa kwana biyu, don iyakokin ne ke cin lokaci.

Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza. Abin da ake tambaya shi ne fasfo da katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin kafin nan katin bai fara aiki ba. A kowace iyaka a buɗe fasfo a tabbatar an buga hatimin fita da na shiga kafin mota ta tashi. Wanda ya rasa ɗaya, a iyaka ta gaba zai gane kurensa. Kuɗi kala uku ne: naira har Seme, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana, sai sefa kuma a Kwaddibuwa. Sefar Kwatano ita ce ta Abijan, saboda haka canji ɗaya ya isa, a ware ɗan na sidi. Agogo kuma a mayar da shi baya da awa ɗaya da zarar an shiga Togo.

Na kwana a Nima, zangon Hausawan Akra, na karya da koko da ƙosai, na bi ta Kef Kos da Takoradi. A bar Akra da asuba, saboda iyakar Elubo ana rufe ta da yamma, motar da ta makara a nan za ta kwana.

A Abijan na sauka a unguwar Tireshbil. Nan da Ajame duk inda ka juya za ka ji Hausa, galibi ta mutanen Nijar, kuma lissafinsu na sefa ne: dala sefa 5, jaka sefa 1,000. Idan mai shago ya ce maka "jaka biyu, Alhaji," to 2,000 yake nufi. Abincin da ya riƙe ni shi ne garba, wato acake na rogo da soyayyen kifin tuna da yankakken attarugu da albasa. Ana cewa sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi, shi ya sa ya yi kama da na gida.

Abin da ya kamata mai zuwa kallo ya fara sani shi ne, filayen wasa biyu ne a Abijan, kuma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Filin Félix Houphouët-Boigny, wanda 'yan gari ke kira Felisiya, yana unguwar Filato a tsakiyar birni, a bakin ruwa, yana ɗaukar mutum wajen 33,000. Daga Tireshbil gada kawai za ka haye, ko ka shiga jirgin ruwan haya. A nan na kalli wasanmu da Kamaru ranar 27 ga Janairu. Alƙalin wasa ya soke ƙwallon Semi Ajayi bayan ya duba na'urar bidiyo, sannan Ademola Lookman ya zura biyu. Abin da talabijin ba ya nunawa shi ne wahalar Victor Osimhen idan ƙwallo ba ta wurinsa: yana bin 'yan baya ɗaya bayan ɗaya, rigarsa sharkaf da gumi, har ya ƙwace wadda ta haifi ƙwallon farko. Aka tashi, cikin ƙasa da awa ɗaya ina masauki.

Filin Alassane Ouattara da ke Ebimpe shi ne mai wuya. An buɗe shi a 2020, yana cin mutum 60,000, amma yana can arewacin gari wajen Anyama, bayan Abobo, sama da kilomita 20 daga Filato. Hanyoyin shiga kaɗan ne, kuma ana tare motoci tun daga nesa, sauran a taka da ƙafa. Ranar wasan ƙarshe tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa, 11 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na dare za a take leda, na bar Ajame da azahar a gbaka, ƙaramar bas ɗinsu ta haya. Ko kaɗan ban yi sauri ba. Tasi mai ruwan lemo ta fi daɗin zama, sai dai cunkoson da ya riƙe gbaka shi zai riƙe ta, ga tsada.

Tikiti a same shi tun da wuri daga wurin sayarwa na hukuma. A gasar ta 2024, mafi araha a zagayen rukuni jaka biyar aka sayar, amma a ranar ƙarshe 'yan bumburutu sun ninka kuɗin, wani tikitin ma an riga an shiga da shi, na'urar ƙofa ta ƙi karɓa. A ɗauki hotonsa a waya ko a buga a takarda, domin idan mutum dubu hamsin suka taru wuri ɗaya intanet ɗaukewa yake. Bincike hawa-hawa ne, ana karɓe gorar ruwa, a riƙe canjin saye a ciki. Magariba tana faɗuwa wajen shida da rabi. A yi alwala tun kafin layin banɗaki ya yi tsawo.

Mu masu kore da fari ɗan tsibiri ne a cikin tekun riguna ruwan lemo, sama da mutum 57,000. Da William Troost-Ekong ya ci da ka a minti na 38, filin ya yi tsit har muna jin gangar magoya bayanmu ita kaɗai. Amma daga sama ana ganin matsalar ƙarara: mun ja baya da yawa, Simon Adingra yana ta yanka gefenmu na dama. Shi ya bugo kwanar da Franck Kessié ya farke a minti na 62, shi kuma ya ba Sébastien Haller ta biyu a minti na 81. Ta yi mini ciwo, amma sun fi mu wasa a daren nan.

Fitowa ta fi shiga wuya. Gari ya kwarara kan titi, mata da yara suna rawa a gaban motoci, babu mai gaba babu mai baya. Na yi tafiyar ƙafa mai nisa kafin na samu gbaka mai zuwa Ajame, yaron mota ya kalli rigata ya yi dariya, ya matsa mini wuri kusa da ƙofa. Sai wajen uku na dare na shiga Tireshbil, mai garban bakin layinmu bai ma tashi ba.